Sharan Mai Shan Dizal: Yadda Za Ka Zaɓe Ta, Ka Gwada Ta, Ka Riƙe Ta A Matsayin Motar Iyali

Duk wanda ya saba da tashoshin mota na Kano, Kaduna, Jos ko Bauchi ya san Sharan farin sani. Ita ce ke kai da komo da fasinja tsakanin manyan garuruwa, har ta kai mutane da yawa ba sa kallonta sai a matsayin motar haya. Alhali kuwa waɗanda suka ƙera ta magidanci suka yi wa ita, mutumin da iyalinsa suka fi ƙarfin ƙaramar mota amma ba su kai a sayi bas ba. A 1995 ta fito, bayan Volkswagen da Ford sun haɗa jari sun gina masana'antar AutoEuropa a Palmela, kusa da birnin Lisbon na ƙasar Fotugal. Mota ɗaya suka riƙa ƙerawa da suna uku: Volkswagen Sharan, Ford Galaxy, sai SEAT Alhambra da ta biyo baya a 1996. An yi mata babban gyaran fuska a 2000. Ford ta ware ta yi tata Galaxy daban a 2006, ita kuwa Sharan ta ci gaba da wannan jikin har 2010.

Akasarin waɗanda ke tashoshinmu na fetur ne. Wannan jagorar kan mai shan dizal ce, musamman wadda ke ɗauke da injin 1.9 TDI, wato injin dizal na Volkswagen mai turbo, na'urar da ke ƙara tura iska cikin inji. A ganina, ga mai iyali da ke yawan doguwar tafiya, da wuya a samu mota mai kujera bakwai da ta fi ta tattalin mai a irin kuɗinta. Sai dai injinta ba ya yafe sakaci, kuma rabin zaman lafiyarka da ita a ranar saye ake yanke shi.

Mataki na 1: Ka fara da lissafin tafiye-tafiyenka

Kafin ka je wurin dillali, ɗauki biro da takarda. A ma'aunin kamfani, Sharan mai injin 1.9 TDI tana shan wajen lita 6.5 a kowace kilomita 100 idan an haɗa tafiyar gari da ta babban titi. 'Yar'uwarta mai injin fetur 2.0 tana shan lita 9 zuwa 10. Da lodi da na'urar sanyi da ramukan hanyoyinmu, duka biyun za su ɗara haka, amma tazarar da ke tsakaninsu tana nan. Daga Kano zuwa Abuja wajen kilomita 430 ne. Idan ka lissafa da lita 7, mai dizal za ta sha kusan lita 30. Idan ka lissafa ta fetur da lita 10, za ka ga 43. Tankinta lita 70 yake ci, wato cikawa ɗaya na iya kai ka Abuja ka dawo Kano.

Dizal a Najeriya ya saba fin fetur tsada, domin an daɗe da cire masa tallafi. Amma tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lissafin ya canza. Ga ma'auni mai sauƙi: matuƙar kuɗin litar dizal bai kai kuɗin lita 1.4 na fetur ba, kana da rara a kowace tafiya. Ka duba farashin garinku na yau ka buga.

Sai tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi. Ina motar za ta riƙa zuwa? Idan aikinta kai yara makaranta ne, a biya kasuwa, a dawo gida, kilomita biyar ko shida inji bai ko ɗumama ba, to ka nemi ta fetur. Injin dizal da ba ya samun gudu yana tara baƙin hayaƙi a cikin turbo da hanyar iska, kuma rarar da ka yi a gidan mai za ta ƙare a gareji. Amma idan duk wata kana da tafiyar biki, gaisuwa, kai ɗalibai jami'a ko zuwa gida ƙauye, ita ce motarka.

Na uku, nemo bakanike kafin ka nemo mota. Ba kowane mai gyaran Sharan ne ya iya TDI ba, kuma mai gyaran injin tirela ko janareta ba lallai ya san na'urorin lantarkin da ke jikin wannan injin ba. 'Yan'uwanmu na Nijar sun fi sabawa da ƙananan motoci masu dizal, don haka a Maraɗi ko Yamai matsalar ba ta kai ta wannan ɓangaren ba. Idan duk garinku babu wanda ya taɓa canza wa TDI bel da kayan aikin da suka dace, ka dakata tukuna.

Mataki na 2: Ka san injin da kake saye

Dillali zai ce maka "TDI ce", ya tsaya nan. Kar ka tsaya nan. Duk injinan 1.9 girmansu ɗaya, cc 1,896, silinda huɗu, bawul takwas, amma gida biyu ne masu hali daban.

Na farko su ne na kafin 2000, masu ƙarfin doki 90 da 110. Famfo ɗaya ne ke raba wa nozul huɗu mai, irin tsarin da tsofaffin masu gyaran famfon dizal suka sani. Suna da haƙuri da sauƙin gyara, giyarsu biyar. Illarsu shekaru: motar da aka ƙera a 1997 ta doshi shekara talatin, kuma ko inji na da rai, jiki da wayoyi sun gaji.

Na biyu su ne na 2000 zuwa sama, waɗanda ake kira PD. A nan kowace silinda tana da nata ƙaramin famfo haɗe da nozul a cikin kan inji, kuma kamshaf ne ke danna su. Ƙarfin feshin yana haura bar 2,000 a ma'aunin matsi, shi ya sa suke da ja da tattalin mai. Kowane yana da lambar haruffa uku. ANU doki 90 ne, kuma ya yi wa jiki mai nauyin Sharan kaɗan. AUY doki 115 ne, shi ya fi yawa. ASZ doki 130, BTB doki 150. Masu giyar hannu duk giya shida ne. Za ka ga waɗannan haruffa a kan takardar da ke manne a murfin taimin bel, ko a littafin sabis idan yana nan, kuma an buga su a jikin inji kusa da mahaɗarsa da giya. Ka gani da idonka, domin mota mai shekara ashirin wataƙila an taɓa sauke mata inji an ɗora wani.

Zaɓina AUY ko ASZ da giyar hannu. Akwai mai giya otomatik mai hawa biyar, amma tana ƙara shan mai, kuma in ta lalace gyaranta ya fi ƙarfin aljihun mai matsakaicin hali. Akwai kuma mai ja da taya huɗu, wadda aka rubuta wa 4Motion. Sai in hanyar garinku yashi ce ko laka, in ba haka ba ƙarin nauyi ne da ƙarin kayan lalacewa.

A shekarun ƙarshe an sa wa wasu injin 2.0 TDI mai doki 140, da matatar hayaƙi a salansa. An tsara wannan matata ne don man Turai, wanda tun 2009 sinadarin sulfa da ke cikinsa ba ya wuce kashi 10 cikin miliyan. Ƙasashen ECOWAS sai a 2020 suka amince da iyakar kashi 50, bayan shekaru ana sayar da mai ɗauke da dubbai. Matatar tana toshewa da man da ba shi da tsabta da kuma gajeruwar tafiya. Wanda ba ya son ciwon kai ya tsaya kan 1.9.

Mataki na 3: Abin da za ka ji a ƙafarka

Kar adadin doki ya ruɗe ka. Injin fetur 2.0 da injin AUY duk doki 115 ne, amma ƙarfin jansu ba ɗaya ba. Na fetur yana ba da Nm 170, AUY kuwa Nm 310, kuma yana ba da shi tun inji na juyi 1,900 a minti. Ma'anarsa a hanya ita ce, da mutum bakwai da kaya, za ka hau Hawan Kibo a hanyar Jos ba tare da inji ya yi ta kururuwa a giya biyu ba. Wuce tirela ma ya fi sauƙi: ka sauko giya huɗu, ka taka, ta tafi.

Ba motar tsere ba ce. Daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 tana ɗaukar kusan daƙiƙa 14, iyakar gudunta kuma wajen 180 ne, gudun da babu mai hankalin da zai yi da 'ya'yansa a baya. Inda take jin daɗi shi ne 100 zuwa 110 a giya shida, inji na juyi kusa da 2,000. Ƙasa da juyi 1,500 turbo bai farka ba tukuna, za ka ji ta yi nauyi. Kar ka riƙa danne totur a babbar giya a wannan yanayi, domin haka ake kashe kulochi da fulayiwil. Idan tana tsaye a kunne za ka ji ƙarar dizal da ɗan kaɗawa a sitiyari. Halinta ne, kuma da ta hau titi yake lafawa.

Mataki na 4: Ka auna cikinta da iyalinka

Tsawonta wajen mita 4.6 ne, faɗi mita 1.8, wato ba ta fi doguwar salun tsawo ba, kuma za ta shiga garejin gida. Kujeru bakwai ne, biyu gaba, uku tsakiya, biyu baya, kowace zaman kanta take yi. Biyar ɗin baya ana matsar da su, ana kwantar da bayansu su zama tebur, ana kuma cire su gaba ɗaya. Uku na tsakiya faɗinsu ɗaya, don haka babu yaron da za a matse a tsakiya ya yi ta ƙorafi daga Zariya har Kaduna. Wasu ma sun zo da kujerar ƙaramin yaro a haɗe cikin babbar kujera.

Ga inda ya kamata a faɗi gaskiya. Idan kujeru bakwai duk suna ciki, but ɗin lita 256 ne kawai, 'yan jakunkuna biyu ko uku sun cika shi. In ka cire biyun baya ya koma lita 852. In ka cire biyar duka, ya kai 2,610, har firji da katifa za su shiga. Kujerun suna da nauyi, kuma sai ka nemi inda za ka ajiye su a gida. Ƙofofin baya irin na kowace mota ne, masu buɗewa waje. Ƙofa mai zamewa sai a sabon samfurin 2010.

Sai maganar lodi, wadda nake so mai karatu ya riƙe da kyau. Motar da komai nata ba a yarda ta wuce wajen kilo 2,500 ba, ita kanta kuma ta haura kilo 1,700. Abin da ya rage maka bai fi kilo 700 da ɗoriya ba. Manya bakwai masu kilo 70 sun cinye 490. Saura bai fi buhu huɗu masu kilo 50 ba. Rufinta kilo 75 aka yarje masa. Abin da muke gani a hanya, but a buɗe an ɗaure buhuna da igiya, bayan mota na shafar kwalta, shi ke fasa taya, ya karya sifirin, ya tsawaita nisan da birki ke buƙata kafin ya tsayar da ita. Kai da ka saya don iyali, ran 'ya'yanka ne a ciki.

Wannan ya kawo mu ga abin da za ka duba da ka buɗe ƙofa. Ɗaga shimfiɗar ƙasa ka kalli ramukan da ƙafafun kujeru ke kamawa. Motar da ta yi haya sau da yawa an cire mata kujerun asali an yi waldar benci don a zauna huɗu-huɗu, sannan a mayar da kujeru lokacin sayarwa. Za ka ga tabon walda, ko ramukan sun buɗe, ko bel ɗin ɗaura jiki an yanke shi. Ka ja kowane bel da ƙarfi ka ga ya cije. Ka girgiza kowace kujera. Motar da ta yi shekaru a tasha, ko an yi mata sabon fenti, ba ita kake nema ba.

Ƙasanta ba shi da tsayi sosai, kuma kaskon baƙin mai na alminiyam ne. Tudun rage gudu da dutsen hanyar ƙauye suna fasa shi. Sa mata farantin ƙarfe a ƙasa kuɗi ne da ba za ka yi nadamar kashewa ba.

Mataki na 5: Takardu

Lambar shasi ta Sharan haruffa 17 ce, tana farawa da WVWZZZ7MZ. Harafi na goma shi ne shekarar samfuri: Y na nufin 2000, 1 na nufin 2001, haka har 9. Na sha ɗaya V ne, alamar masana'antar Palmela. Ka tabbata lambar da ke jikin mota ita ce a takardar kwastam da ta mallaka. Idan Beljiyam ce sabuwar shigowa, ka tantance takardar biyan duti a ofishin kwastam kafin kuɗi su bar hannunka, domin akwai dokar da ta ƙayyade shekarun motar da za a shigo da ita, kuma wannan samfurin ya tsufa.

Ka kula da wadda aka juya wa sitiyari. Ingila ta sayi waɗannan motoci da yawa, musamman Galaxy, kuma sitiyarinsu a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama da sitiyari a hagu. Alamun juyi su ne agogon gudu mai lissafi da mil, dashbod da bai zauna daidai ba, da tabon walda a bangon da ke tsakanin inji da ɗaki. Birki da sitiyari ne aka taɓa. Komai arharta ka bar ta.

Mataki na 6: Ka same ta da sanyin safiya

Ka ce wa mai motar kada ya tayar da ita sai ka zo, kuma ka zo da bakanikenka. Da isarka ɗora hannu a kan inji. In da ɗumi, ka ce za ka dawo gobe. Injin dizal mai rauni da safe yake tona kansa.

Murɗa makulli ka tsaya. Wata fitila mai siffar naɗaɗɗiyar waya za ta kama a dashbod ta mutu, sannan ka tayar. Inji mai lafiya bugu ɗaya yake tashi. Ka sa wani ya tsaya a bayan salansa. Ɗan hayaƙi na daƙiƙa biyu ba komai ba ne. Fari mai kauri da ya ƙi tsayawa yana nuna matsalar nozul, ko kuma ruwa na shiga silinda. Shuɗi yana nufin tana ƙona baƙin mai, ko ta ringi ko ta turbo. Baƙi mai yawa yana nuna iska ba ta isa, ko wani tiyo ya fashe.

Inji na aiki, kwance murfin zuba baƙin mai ka ɗora shi a bakin ramin ba tare da ka ɗaure ba. In yana ɗan motsi, daidai ne. In yana tsalle kamar murfin tukunyar da ke tafasa, hayaƙi na bulbulowa, ringi sun tafi. Kar baƙin launin man ya tsorata ka, a dizal yana yin baƙi ko jiya aka yi juye. Abin tsoro shi ne maiƙo a cikin robar ruwan lagireto, ko kumfa mai tasowa a ciki idan an taka totur.

Idan PD ce, roƙi mai motar ya bari a buɗe murfin saman inji a kalli kamshaf. Shi ne dubawa mafi daraja a duk cinikin. Saboda an ware wa famfunan nozul wuri a jikin kamshaf, ƙusoshin da ke danna bawul sirara ne, kuma baƙin mai da bai dace ba yana cinye su. Mai lafiya santsi ne da sheƙi. Wanda ya ci za ka ga bakinsa ya yi kaifi ko ya yi zane-zane. Wata alamar kuma ita ce wani bugu mai zurfi, bum-bum, da ke fitowa ta akwatin filtar iska. Mai motar da ya ƙi a buɗe ya ba ka amsa.

Daga nan sai ƙananan wuraren da wannan mota ta yi suna da su. Kusa da batir akwai ƙaramin akwatin fis, buɗe ka ga ko robarsa ta narke. Taɓa shimfiɗa a ƙarƙashin kujerun gaba: magudanar ruwan da ke ƙasan gilashin gaba tana toshewa da ganye da ƙura, ruwan sama ya shigo ɗaki ya jiƙa na'urar da ke sarrafa makullan ƙofa da gilasai. Gwada kowane gilashi da fitilun baya, domin wayoyin da ke cikin robar maƙogwaron ƙofa suna karyewa. A ƙarƙashin mota akwai bututan ruwa masu zuwa hita ta baya, da wata ƙaramar hita mai ƙona dizal da aka yi don sanyin Turai. Bututan suna tsatsa su zubar da ruwa a hanya. Mu ba ma buƙatarsu, kuma bakanike na iya kewaye su da tiyo mai kyau.

Mataki na 7: Gwaji a kan titi

Zagayen layi bai isa ba. Ka nemi titi mai tsawo, in da hawa ya fi. A giya huɗu, daga juyi 1,500, taka totur har ƙasa ka riƙe. Ya kamata ta ɗauka kafin 2,000, ta ci gaba da ja babu yankewa har ta haura 3,500. Idan ƙarfi ya ɗauke farat ɗaya a tsakiya, ka kashe ka sake tayarwa ya dawo, to fukafukan cikin turbo sun cije da baƙin hayaƙi, ko bawul ɗin da ke sarrafa su ya samu matsala. Ana gyarawa, amma ka cire kuɗin daga farashi. In kuma tun farko ba ta da kuzari ko kaɗan, sau da yawa na'urar auna iska ce da ke bayan filta.

A giya biyar ko shida, idan ka taka ka ga allurar juyi ta haura amma gudu bai ƙaru ba, kulochi na zamewa. Ƙarar kwaram-kwaram lokacin kashe inji, ko karkarwa idan kana sakin kulochi, fulayiwil ne, kuma na wannan mota mai ɓari biyu ne, yana da tsada. Allurar zafi ta hau 90 ta tsaya cak. In ta ƙi kaiwa, an cire tamostat, al'adar da ta zama ruwan dare a garejinmu. Injin dizal da ba ya kai zafinsa yana ƙara shan mai da tara datti, kuma wani lokaci an cire ne don a ɓoye wata cutar.

Kunna na'urar sanyi ka ji har kujerun baya. Ɗakin babba ne, gilasai da yawa, kuma a zafin Afrilu ba za a zauna ba tare da ita ba. A ƙarshe a jona mata kwamfuta. Mai na'urar da ta san Volkswagen zai iya buɗe rukuni na 013, inda ake ganin yadda kowane nozul ke aiki. Lambobin huɗu su kasance kusa da sifiri. Wanda ya doshi 2.8, sama ko ƙasa, ya kai iyaka.

Mataki na 8: Makon farko, da abin da zai biyo baya

Ka ware kuɗin wannan matakin tun kafin ka yi tayi. Ko me aka gaya maka game da taimin bel, canza shi, tare da tenshina da famfon ruwa. In ya tsinke a wannan injin, fistin da bawul suna karo, kuma sai an sauke kan inji. Wa'adin kamfani ya kama daga kilomita 60,000 zuwa sama gwargwadon shekarar inji. Da zafinmu da ƙurarmu, ka tsaya kan 60,000 ko shekara huɗu. A yi aikin da ƙarafunan kulle kamshaf da karanshaf, ba da alamar fenti ba.

Baƙin mai kuwa, a nan ake rasa injinan PD. Juya galan ka karanta bayansa. Dole ka ga an rubuta VW 505.01, yawanci mai kaurin 5W-40. Da 505.00 da 505.01 ba ɗaya ba ne, kuma man tirela ko na awo a kwalba ba ya cikin lissafi. Wajen lita 4.5 take ci. A Turai suna juye a kilomita 15,000, ni kuwa ina ba da shawarar 7,000 zuwa 8,000, tare da sabuwar filta kowane karo. Ka saya da kanka a shagon da ka amince da shi, ka tsaya a zuba a gabanka. Kayan gyara ana samu a Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja da Ladipo a Legas, kuma injin 1.9 TDI yana cikin Golf da Passat da wasu Audi, abin da ya sa kayansa ba su da wuyar samu. Ka riƙa tafiya da lambar injinka a rubuce.

Canza filtar dizal, ka kuma riƙa canza ta akai-akai, domin ita kaɗai ce ke tsakanin datti da nozul huɗu masu tsada. Ka sha mai a gidan da manyan motoci ke yawan sha, inda man ba ya kwana a tanki. Dizal na jarka a bakin hanya yana iya zuwa da ruwa ko haɗin kananzir, shi kuwa kananzir ba shi da maiƙon da famfunan ke buƙata. Kar ka bari tanki ya ƙafe. Kuma duk lokacin da ka tsaya shan mai, ka sauko ka faɗa da bakinka cewa dizal ce, domin mai zubawa ya saba ganin Sharan ta fetur. In an yi kuskure an zuba fetur, kar ka murɗa makulli, a ture ta gefe a zuƙe tankin.

Ruwan lagireto a sa mata jan ruwan G12 da aka gauraya, ba ruwan rijiya ba. Man birki DOT 4 ne, duk shekara biyu. Filtar iska a duba ta duk wata a lokacin hunturu. Bayan doguwar tafiya, bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki kafin ka kashe, don turbo ya huce.

Taya kuma ka nemi masu ƙarfin ɗaukar nauyi, waɗanda aka rubuta wa XL ko Reinforced, ba na ƙaramar mota ba ko da girman ya zo ɗaya. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu: 2322 na nufin mako na 23 na 2022. Wadda ta haura shekara shida ka bar ta ko zanenta na da kyau. Awon iska yana rubuce a cikin murfin tanki, kuma na cikakken lodi ya fi na yau da kullum, musamman a baya. Safaya tana rataye a ƙarƙashin bayan mota, ana sauke ta da wata waya mai naɗi ta cikin but. Wayar tana cijewa da tsatsa, don haka ka sauke ta a gida, ka shafa mata giris, ka auna iskar safayar kafin tafiyar farko da iyali.